Karaya ta zaunar da ni a ɗaki, da me zan ɗebe kewa kafin in miƙe?

Tambaya: "Assalamu alaikum likita. Shekarata 36, ina da shagon yadi a Kantin Kwari. Mako uku ke nan da na faɗo daga babur na karye a ƙwauri. An sa min filasta tun daga cinya har yatsu, an ce kada in taka ƙafar sai bayan mako shida aƙalla, kuma zan iya kaiwa wata uku ko huɗu kafin in koma kasuwa. Ciwon ya yi sauƙi, amma wallahi zaman ne ya ishe ni. Ni da nake fita da sassafe sai magariba, yanzu daga katifa sai katifa. Waya nake dannawa har ƙarfe uku na dare, da rana in yi ta barci, abu kaɗan sai in hau iyali da faɗa. Me zan riƙa yi in ɗebe kewa wanda ba zai ɓata min ɗorin ba?"

Wa alaikumus salam Malam. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗunka.

Idan na fahimce ka da kyau, ba maganin ciwo kake nema a wurina ba. Ƙafa tana can cikin filasta tana harkar gabanta, kai kuma an bar ka da yini guda cur a hannu, kullum, ba ka san inda za ka kai shi ba. Kana son abin yi, amma kana tsoron kada garin neman gira a rasa ido. Na daɗe ina aiki a sashen gashi, inda ake koya wa masu karaya motsi da tafiya bayan likitan ƙashi ya gama nasa, kuma wannan kukan naka ya fi kukan zogi yawa a kunnena. Abin da ya ja hankalina ma shi ne da ka ce mako uku, domin kusan kullum a nan abin yake tasowa. Makon farko gida cike yake da 'yan dubiya, wannan ya shigo da lemo da ayaba, wancan da kwanon farfesu, maƙwabtanka na kasuwa su zo a ayari bayan sun rufe shago. Mako na biyu sai gaisuwa ta koma ta waya. Zuwa na uku kowa ya kama sabgar gabansa, ba don an manta da kai ba, sai don kai kaɗai ne ka tsaya, duniya ba ta tsaya ba. A daidai lokacin ne kuma ciwo yake lafawa, kai ya washe, mutum ya fara ƙirga azarar ɗaki.

Abin da jikinka yake yi yanzu

A kwanakin farko na karaya jini ne ke taruwa ya daskare a wurin, shi ya sa ake kumburi da raɗaɗi. Zuwa mako biyu ko uku jiki yakan gina wani ɗanyen haɗi mai kama da guringuntsi tsakanin bakunan ƙashin biyu. Nan kake yanzu: an haɗu, amma haɗin ɗanye ne, kamar bulon da aka buga jiya. Tsakanin mako na shida da na goma sha biyu ne yake zama ƙashi mai tauri, daga nan jiki ya ci gaba da sassaƙe shi yana daidaita shi na tsawon watanni, wani lokaci har fiye da shekara. Ƙashin ƙwauri kuwa yana cikin masu nawa, musamman ta ƙasa wajen idon sawu, saboda fata ce kawai ta rufe gabansa, jinin da yake samu bai kai na cinya ba. Saboda haka wata uku ko huɗun da aka ce maka ba tsoratarwa ba ce, lissafi ne.

Matsalar ita ce ƙashin kaɗai ke son wannan hutun. Sauran jiki ba ya so. Naman cinya da na sharaɓa suna fara zubewa tun a makonni biyun farko, ranar da aka cire filasta za ka ga ƙafar ta rame kamar ba taka ba. Jini yana tafiyar hawainiya a ƙafar da ba ta motsi, har yana iya daskarewa a jijiya. Ciki yana ƙullewa, bayan gida ya yi wuya. Barci ya juye, dare ya zama rana. Zuciya kuma, wadda ta saba da ciniki da tayi da "albarka" tun safe, an bar ta babu abin tauna, sai ta koma tauna mai ita: bashin wane, kuɗin haya, anya yaron shago yana faɗin gaskiya, anya ƙafar nan za ta koma daidai. Faɗan da kake yi da iyali daga nan yake, ba hali ne ya canza ba.

Shi ya sa ba na ɗaukar abin ɗebe kewa a matsayin wasa. A wurina yana cikin magani, kuma ba ni na fara faɗa ba. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya an riƙa koya wa sojojin da suka ji rauni saƙar kwando da sassaƙa da saƙar zare suna kwance a gadajen asibiti, don a dawo musu da hannu da kuma hankali. A 1917 aka kafa ƙungiyar masu warkarwa ta hanyar aikin hannu a Amurka, yau kuma fanni ne mai zaman kansa a asibitoci. Ta fuskar ciwo ma akwai dalili. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin cewa saƙon ciwo ba ya isa ƙwaƙwalwa kai tsaye, akwai wata kamar ƙofa a lakar gadon baya da take iya buɗewa ko tsukewa, kuma ƙwaƙwalwa da kanta tana da hannu a kan ƙofar. Ka lura idan yaro ya buge aka mulmula masa wurin yakan yi shiru. Ka kuma lura ƙafarka ta fi damunka da tsakar dare, lokacin da babu komai a gabanka sai ita. Hankalin da ya nutse cikin wani aiki yana rage wa ciwo fili. Ba ya kashe shi, amma yana rage shi.

Maganar waya

Bari in faɗa maka gaskiya a kan wayar nan, tunda kai ka kawo ta. Ba zan ce ka jefar da ita ba, da ita kake jin kasuwa, da ita kake gaisawa da mutane. Amma zazzage bidiyo ɗaya bayan ɗaya ba ya ɗebe kewa, ɗage ta yake yi zuwa an jima. Gwajin mai sauƙi ne: bayan awa uku a Facebook ko TikTok, me ke hannunka da babu shi ɗazu? Wuya ya ƙage, ido ya yi yaji, ka ga abokanka a wurin ɗaurin auren da ba ka je ba, ranka ya ƙara ɓaci. Ga haskenta da abin da ke cikinta suna kore barci, ka kai uku na dare, ka rama da rana, dare ya sake yi ido ƙyam. Wannan zagayen shi ne abu na farko da za ka karya. Bayan sallar isha'i da awa ɗaya ka ba uwargida wayar ta sa a caji a wani ɗakin. Idan shiru zai dame ka, ƙaramin rediyo ya fi, don kunne kawai yake ci. Barcin rana kada ya wuce ƙailula ta rabin awa bayan azahar.

Akwai ramuka biyu da na ga matasa masu jinya suna faɗawa ta dalilin zaman nan, gara in ambace su ko da ba su shafe ka ba. Na farko cacar ƙwallo ta waya. Ana farawa da ɗari biyu "don nishaɗi", sai jarin shago ya fara zurarewa. Na biyu ƙwaya. An rubuta wa mutum tiramadol na 'yan kwanaki saboda ciwo, ciwo ya tafi, shi kuma ya ci gaba da aiken yaro kemis, don ya gano tana gajarta masa yini. Ba a banza gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 ba. Duk maganin da ka ga kana shan sa don lokaci ya wuce, ba don ciwo ba, ka gaya wa likitanka. Idan kuma kana shan sigari ko shisha, ka sani taba tana cikin manyan abubuwan da ke hana karaya haɗuwa da wuri, tana tsuke ƙananan hanyoyin jini da ƙashin ke dogaro da su.

Yadda nake zaɓa wa masu jinya abin yi

Abu uku nake dubawa. Za a iya yin sa a zaune, ƙafa a miƙe a kan matashi, ba tare da sunkuyo ko ɗaukar nauyi ba? Yana sa hannu ko kai aiki, ko kuwa kallo ne kawai? Na uku, wanda ya fi muhimmanci a ganina, yana taruwa? Wato idan ka yi na yau ka ɗora a kan na jiya, za ka ga ya ƙaru da idonka? Dalilina shi ne mai karaya ba ya ganin warakarsa. Filastar yau ita ce ta jiya, hoton ƙashi kuma sai bayan makonni. Mutum yana buƙatar wani abu a gabansa da yake motsawa gaba, ya zama shaida cewa kwanakin nan ba zubewa suke yi a ƙasa ba.

Wanda ya koya min wannan wani direban babbar mota ne da ya karye a cinya, dattijo mai manyan hannuwa, irin waɗanda za ka rantse allura ba za ta zauna a tsakanin yatsunsu ba. Makonnin farko ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa, motsin da na ba shi kuma ba ya yi. Wani maƙwabcinsa mai ɗinkin hula ne ya kawo masa farin ƙyalle da aka riga aka zana, da allura da zare kala uku, ya nuna masa yadda ake cike gida ɗaya, ya ce ya rage zafi da shi. Da ya dawo wurina bayan mako biyu, kafin in tambaye shi ƙafa ya zaro ƙyallen daga aljihu ya shimfiɗa a kan gadon gwaji. Layin farko ya karkace kamar hanyar shanu, zaren ya tattare a wasu wuraren, har da ɗigon jini inda ya soke yatsa. Layi na huɗu kuwa ya fara miƙewa. Ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Likita, wannan na ranar Talata ne." Ya daina ƙirga kwanaki da ciwo, ya koma ƙirga su da layi. Ranar da ya fara takawa da sanda ɗaya, hular ce a kansa, an kai ta wurin masu wanki an sa mata sitaci an buge. Ba mai sayenta a kasuwa, amma ban taɓa ganin mai Zanna Bukar da ya kai shi ƙasaita ba.

Kai da kake cikin yadi, idonka ya riga ya san kala da zare, don haka ɗinkin hula ko aikin wuyan riga ba zai yi maka nisa ba. Sai dai ka zauna inda haske yake, kusa da taga ko a inuwar tsakar gida, kuma duk bayan minti ashirin ka ɗaga kai ka kalli nesa na ɗan lokaci don ido ya huta. Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake: allura, tsinke, kwarashin uwargida, bayan cokali, kada ko ɗaya ya shiga cikin filasta da sunan susa. Ƙaiƙayi zai zo, musamman da zafi. Fatar da ke ciki ta yi laushi, ƙaramin ƙarzuwa sai ya zama gyambon da ba mai gani sai ya fara wari. Ka ƙwanƙwasa filastar a hankali ta waje, ko a yi maka fifita ta bakinta.

Idan aikin allura bai kwanta maka ba, akwai wanda ba ya buƙatar sayen komai. Sau nawa ka ce da ka sami lokaci da ka gyara karatunka? To ga lokacin ya zo har gida, ko da ba ta ƙofar da ka so ba. Alƙur'ani izu sittin ne, izu biyu a rana ka sauke a wata. Idan hadda kake so, Tabaraka aya 30 ce, aya ɗaya a rana ta ishe ka wata guda. Yasin aya 83, aya biyu a rana ka gama cikin mako shida. Kahfi 110, uku a rana ba za ka kai kwana arba'in ba. Ka samu wanda za ka riƙa biya wa, malamin unguwa ko ma ɗanka da ke Islamiyya, domin abin da ake jiran ka kawo gobe ya fi zama a kai. Mai sha'awar alƙalami sai ya haɗa da rubutun allo, hannu ya samu aiki.

Wani abin da nake yawan ba mutane shawara, kuma ban ga wanda ya yi ya yi nadama ba, shi ne tattara tarihin gidanku. Ka kira Hajiya, ko Baffa, ko wata gwaggo da ta manyanta, ka tambaye su daga ina kakanku ya taso, me ya kawo shi, wace sana'a yake yi, wa ya auri wa, ina sauran dangi suka bazu. Ka naɗi muryarsu da waya, da izininsu, sannan ka zauna ka rubuta a littafi. Ka ga a nan wayar ta yi aikin kirki. Tsofaffi suna son a tambaye su, mu ne ba mu da lokacin zama. Hira ɗaya tana haifar da uku, don za a ce maka "wannan sai dai ka tambayi wance", ka ga zumuncin da ya yi shekaru a kwance ya tashi.

Dara kuma maganin kaɗaici ce, tunda ba a yin ta sai da abokin karawa. Ba sai ka sauka ƙasa ka haƙa gurbi ba. A zana gida talatin a bayan kwali, biyar ta nan shida ta can, a ɗora a kan faranti, kowa ya ɗebi 'ya'ya goma sha biyu, kai ƙwallon dabino, shi marfin kwalba. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokinsa. Amfaninta a wurina ba wasan ba ne kawai. Aboki yana jin nauyin zuwa dubiya karo na biyar, don ya rasa abin da zai ce bayan "ya jiki". Amma idan ka cinye shi jiya, yau da la'asar da kansa zai yi sallama ya zo ramuwa. Ludo da yara ma haka, kuma a nan za ka san halin 'ya'yanka fiye da yadda ka sani a shekarun da kake dawowa suna barci.

Shuka a buhu ko tsohon bokiti tana da daɗi ga mai son ganin abu yana girma. Alayyafo cikin wata guda an fara tsinka. Amma ban-ruwa na yara ne, kai naka ido da umarni, domin jiƙaƙƙen siminti da sandar dogarawa ba sa ga-maciji. Faɗuwa ta biyu ta fi ta farko muni.

Kada ka raina inda irin wannan yake kai mutum. Frida Kahlo, mai zanen nan ta ƙasar Meziko, tana da shekara 18 motar haya da take ciki ta yi karo da taragon cikin gari a 1925, ta kakkarye, ta daɗe a kwance. Aka kafa mata madubi a saman gado da allon zane da za ta iya amfani da shi a kwance, a nan ta dukufa ga zanen da duniya ta san ta da shi. Ba cewa nake za ka tashi da sabuwar sana'a ba. Hasali ma ina hana masu jinya saurin mai da abin kasuwanci, don da zarar ka fara lissafin nawa hular za ta kawo, ta tashi daga hutu ta koma wani abin damuwar.

Shago kuwa a ba shi awa ɗaya, ba yini ba. Ka sa a kawo maka littattafan bashi da na kaya ka daidaita su, aikin da na tabbata ka shekara kana ɗagawa. Idan akwai kwamfuta, ka koyi shigar da lissafi a Excel. Yaro ya turo hotunan sabuwar atamfa da shadda ka tura wa abokan cinikinka ta WhatsApp. Ka tsayar da lokaci ɗaya da zai ba ka rahoto. Kiran sa sau ashirin a yini ba zai ƙara ciniki ba, hawan jini kawai zai ƙara maka.

Ka rataya yinin a kan salloli

Mai zuwa kasuwa ba ya buƙatar jadawali, kasuwa ce ke yanka masa yini. Yanzu da babu ita, ka riga kana da turaku biyar da ba sa motsi. Sallah dai a zaune ta halatta gare ka, hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari ya ce a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Yadda za ka yi da alwala a kan filasta kuma ka tambayi malaminka, ni dai nawa shi ne kada ruwa ya taɓa ta.

Abin da nake so shi ne kowace sallah ta ja motsa jiki na minti biyar zuwa goma a bayanta, idan likitanka ya amince. Ka motsa yatsun ƙafar da ke cikin filasta sama da ƙasa sau ashirin. Ka matse naman cinyar a cikin filasta kamar kana son danna bayan gwiwa ƙasa, ka ƙirga biyar, ka saki, sau goma. Ka matse mazaunai haka nan. Lafiyayyar ƙafar ka ɗaga ta, ka lanƙwasa, ka juya idon sawu, domin ita ke ɗauke da kai yanzu, kuma bincike ya nuna motsa lafiyayyen ɓangare yana rage wa wanda aka ɗaure asarar ƙarfi. Ka dafa hannun kujera ka ɗaga jikinka kaɗan ka sauke, don kafaɗu su iya da sanduna. Sai dogon numfashi sau biyar. A tsakanin turakun nan sai ka zuba sauran: karatu bayan asuba lokacin da kai yake sabo, aikin hannu da hantsi, shago kafin azahar, dara da la'asar, yara da hira bayan magariba.

Ka tashi daga katifa da safe ko da ba inda za ka. A goge maka jiki, ka sa riga mai kyau, ka sa hula, a fitar maka da kujera mai tsayi tsakar gida ka sha hantsi. Rana tana taimaka wa jiki samar da sinadarin bitamin D da ƙashi ke buƙata, hasken safiya kuma shi ne ke mai da barci mazauninsa. Ƙafar a ɗora ta a kan wata kujerar, matashin ya tallafi sharaɓa, diddige ya zauna a iska don kada ya yi gyambo. Kada ka wuce minti arba'in a zama ɗaya ba ka gyara ba, komai daɗin aikin. Abinci kuma a ƙara wake da ƙwai da kifi da nono da ganye irin su zogale, a sha ruwa sosai, a rage lemon kwalba da 'yan dubiya suka tara.

Kalma ɗaya a kan uwargida. Gidan nan da rana masarautarta ne, ta shekara da shekaru tana tafiyar da shi ba ka nan. Yanzu ga jinya ta ƙaru a kanta, ga maigida zaune yana lura da yawan man da aka zuba a miya. Ka karɓi abin da za ka iya a zaune, tsintar shinkafa, gyaran zogale, duba aikin makarantar yara. Sauran kuwa ka kau da kai.

Inda maganata ta tsaya

Ban ga hoton ƙashinka ba, ban taɓa ƙafar ba, saboda haka duk inda maganata ta saɓa da ta likitan da ya ɗora ka, tasa za ka bi, musamman kan ranar fara takawa. Abin da na faɗa kuma na mai karayar ƙafa ne. Mai karayar hannu sai ya karkata ga karatu da sauraro da tattaki. Mai ciwon gadon baya ba a son ya daɗe a zaune. Wanda ya bugu a kai ana so ya rage kallon waya da talabijin a kwanakin farko.

Akwai alamomin da ba a ɗebe musu kewa, asibiti ake tafiya a ranar, ko da tsakar dare ne: ciwon da yake ƙaruwa maimakon raguwa kuma magani ba ya taɓa shi, yatsu su yi sanyi ko su canza launi ko su mutu ba ka jin su, filasta ta matse ko ta tsage ko ta jiƙe, wari ko ruwa daga ciki, zazzaɓi, sabon kumburi da zafi a sharaɓa ko cinya. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi farat ɗaya kuwa gaggawa ce ta gaske, domin yana iya zama daskararren jini ne ya taso daga ƙafa ya tafi huhu.

Haka nan idan ka ga an yi mako biyu ko fiye ranka a ɓace kullum, abinci ba ya shiga, abin da kake so da ya daina burge ka, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, wannan ya wuce gundura, kuma hula ko dara ba za su warkar da shi ba. Ka faɗa wa likita kamar yadda za ka faɗa masa zazzaɓi, akwai magani.

Abu na ƙarshe da na san zai zo, don yana zuwa wa kusan kowane ɗan kasuwa: wajen mako na biyar za ka ji ƙafar shiru, babu ciwo, wani ya zo dubiya ya ce ai shi nasa mai ɗori kwana arba'in ya yi masa ya miƙe, ko a ce ga kaya sun sauka ana ta rububi. Za ka ji kamar ka sa a yanke filastar ka leƙa Kwari ko na awa biyu ne. Rashin ciwo ba shi ne haɗuwar ƙashi ba, hoto ne kawai ke nuna wannan. Na karɓi mutane da dama da suka mai da jinyar wata uku ta koma ta shekara saboda leƙawar awa biyu. Ka jira ranar asibitinka, ka tafi da tambayoyinka a rubuce, ka kuma nemi a haɗa ka da sashen gashi tun kafin a cire filastar. Allah ya ƙara sauƙi.